Ajin nazare a makarantar gwamnati: aikin ciyaman ne ko ɓarnar kuɗi?

Alhaji Mai Tumatir: Salamu alaikum jama'a. Maganar da na yi jiya bayan isha'i ina nan a kanta, kuɗin ƙaramar hukuma bai kamata ya tafi ajin nazare ba. Ɗan shekara huɗu me zai koya banda waƙa da barci? Kwata ta toshe, ruwa ɗaya in ya sauka sai ka naɗe wando kafin ka fita layi, a fara da wannan tukuna. Raino aikin uwa ne, karatu kuma allo ya ishe shi har ya kai shida.

Maman Hanif: Wa alaikumus salam Alhaji, ka yi haƙuri amma ban yarda ba wlh. Ni na ga abin a gidana. Babban yarona da hadda mai kyau ya shiga aji ɗaya, amma Hausa kaɗai ke bakinsa, malama na Turanci yara na Yarbanci, shi yana zaune kamar an dasa shi. Satin farko ya dawo min da wando jiƙe saboda bai san yadda zai ce zai zaga ba, ranar har kuka na yi. Ƙaninsa da ya yi shekara ɗaya a nazare kafin firamare ko gezau, shi ke min tafinta ma in mai gida ya zo karɓar haya. Nan Legas ce ba Kano ba Alhaji.

Malam Na Idi-Araba: Bari in saka baki. Alhaji, ba alfarma ba ce, haƙƙi ne a rubuce. Kundin tsarin mulki na 1999 a jadawali na huɗu ya saka ƙaramar hukuma cikin masu kula da ilimin firamare. Dokar UBE ta 2004 kuma, wato dokar ilimin bai ɗaya, ta haɗa rainon ƙananan yara cikin ilimin bai ɗaya, ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, jiha ta kawo nata kason kafin ta ɗauka. Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ma ta ƙara shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya. A nan LASUBEB, hukumar ilimin bai ɗaya ta jihar Legas, ce ke riƙe da makarantun, kuma akwai ofishin ilimi a ƙananan hukumomi.

Alhaji Mai Tumatir: To Malam ai ka faɗa da bakinka, jiha ta yi mana. Albashin malaman firamare ma ba daga kason ƙananan hukumomi aka saba cire shi ba? Nawa ya rage da za a ce a ƙara wani kaya?

Ɗan Agege: Kawu gaskiya tambayarka tana kan hanya. Kotun Ƙoli a 11 ga Yuli 2024 ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, amma mu nan guda 20 ne tarayya ta sani, ga kuma LCDA 37, wato yankunan raya ƙasa da jiha ta ƙirƙiro a 2003, kowanne da ciyaman da kansiloli, kaga tuwon guda ne baki ya yi yawa. Ni abin da ke ban tsoro daban ne, kar a shafa fenti a kafa allon suna da hoton ciyaman shikenan. Na taɓa leƙa irin ajin nan a wata makaranta, yara sun haura hamsin malama ɗaya, benci na manya ƙafar yaro ba ta taɓa ƙasa, bayan gida kuma da kwaɗo.

Maman Hanif: Yauwa ƙanina, to ai abin da muke roƙo kenan, ba bene muka ce a gina ba. Ƙananan kujeru, tabarma, ruwa, bayan gida mai tsafta da mace ɗaya mai taya malama wanke yara, wannan ai bai fi ƙarfin ciyaman ba. Kuma Alhaji da kake cewa raino aikin uwa ne, uwar tana ina? Tun asuba nake gaban tanda ina waina, na goya ɗaya ɗaya na rarrafe kusa da garwashi, maƙociyata tana kasuwa sai azahar. Na kuɗi kuwa ka biya zango ka biya yunifom ka biya littafi, mai yara uku ina zai kai.

Hajiya Babba: Ni na ga zamanin Jakande, gwamnan Legas daga 1979 zuwa 1983. Mutane sun raina ajujuwan da ya gina sun ce ba su da kyau, amma da su aka daina karatun safe da yamma na karɓa-karɓa, 'ya'yan talaka suka samu wurin zama. Yaranmu da yawa a nan suka yi.

Malamar Islamiyya: Alhaji game da allo, ba sa karo da juna sam. Nazare da safe, mu kuma ƙarfe huɗu muke shiga da Asabar da Lahadi. Kuma tsakani da Allah yaron da ya saba zama a aji ya fi min sauƙin koyarwa, ya iya riƙe fensir, ya san jira a kira shi.

Alhaji Mai Tumatir: Malama na ji taki, ta allo na janye. Amma ta kwata ban janye ba, ƙofar makarantar kanta ruwa ke kwanciya, wa zai tura ɗan shekara huɗu ya ratsa wannan a watan Yuni?

Malam Na Idi-Araba: To a haɗa su a takarda ɗaya, kwatar ƙofar makaranta da ajin yara. Akwai kwamitin kula da makaranta, SBMC, na iyaye da hedimasta, mu ne ba ma zuwa zaman, shi ya sa ba a jin muryarmu. Zan rubuta da Turanci mu kai wa kansila ta hannun Sarkin Hausawa.

Alhaji Mai Tumatir: In dai kwata ce a layin farko zan sa hannu.

Maman Hanif: A sa ta a farko Alhaji ba komai, amma bayan gidan yara ya zo na biyu. Malam ka faɗi rana, in Asabar ce bayan la'asar zan taho da mata biyar daga layinmu.