Me za mu kira tinder da Hausa?

'Yan uwa, ina neman kalma. Na kalli yadda mutanen Hadza na Tanzaniya ke kunna wuta babu ashana: mutum ya murza siririn kara a tafin hannu a kan busasshen itace, baƙin gari yana taruwa a gefen ramin, har ya fara hayaƙi da kansa. Sai a juye shi cikin dunƙulen busasshiyar ciyawa, a hura. Wannan ciyawar Bature ke kira tinder. Mu fa?

Wani ya ce makamashi. Ban yarda ba. Makamashi yau ya tafi wajen fetur da gas da lantarki, har ma'aikatar gwamnati gare shi. Ƙirare kuma sai wuta ta riga ta tashi ake zuba su. Abin da muke nema shi ne mai karɓar wutar tun tana jaririya.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu da ƙyastu da ƙanƙara suke kunna wuta, tartsatsin ya faɗa kan audugar rimi. Mutumin nan da aka tsinta cikin ƙanƙarar tsaunukan Alps na Turai a 1991, wanda ya rayu shekara kusan 5,300 da suka wuce, shi ma an same shi da busasshen naman kaza, irin mai fitowa a jikin itace, na kama wuta a jakarsa.

Shawarata: sheƙar wuta. Dubi siffar abin, an murɗa ciyawa kamar sheƙar tsuntsu, mai laushin a tsakiya, mai kaurin a waje.

Wani dattijo ya ce to abin da ake sawa ciki sai a kira shi ƙwan wuta. Baba, ya yi daɗi, amma masu lantarki sun riga mu. Garwashi kuwa ya yi masa girma, don wannan bai wuce ƙwayar masara ba, kuma gari ne, da ka taɓa shi ya watse. Ƙwayar wuta ta fi dacewa.

Juyewar ita ce ta fi ba ni sha'awa. Ganye ake shimfiɗawa a ƙarƙashi tun farko, a ɗauke ta da garinta duka, a kwantar a tsakiya, a naɗe sheƙar ba tare da an matse ba, a hura a hankali har hayaƙi ya yi kauri. Haka manomi ke ɗauke tsiro da ƙasarsa. Ni dashen wuta zan kira shi. Mutanen Damagaram da Katsina, idan kun ji wani suna a bakin tsofaffi, ku kawo.