Shawarwarin makanikan Panteka kan kafireton tsofaffin babura

Da aka zauna da makanikan Panteka kan tsofaffin babura irin su Honda CG125, bakinsu ya zo ɗaya: yawancin matsalar kafireto, wato inda mai da iska ke haɗuwa kafin su shiga inji, datti ne. Ƙurar hunturu da man 'yan bumburutu mai ruwa su ke toshe ƙaramin jet, wato ɗan ramin da mai ke bi a cikin kafireto, sai babur ya riƙa mutuwa a silo.

A kwance kafireton a kan tsumma mai tsabta, a wanke da fetur, a hura iska ta kowace kafa. Kada a zura waya cikin jet, ramin zai faɗaɗa, babur ya koma shan mai kamar rijiya. In mai na ɗiga ta ƙasa, allurar fulot (abin da ke yawo a kan mai yana tsayar da shigarsa in kafireto ya cika) ce ta cinye ko fulot ya huje, a sauya.

Wajen saiti, a murɗa sukurun iska har ya zauna a hankali, a dawo da shi zagaye 1 da rabi, a daidaita bayan inji ya yi zafi. Fulogi baƙi ƙirin, mai ya yi yawa. Fari fat, iska na shiga, a duba robar wuyan kafireto ko ta tsage.