Neman kalma: me za a kira "verraco" a shirin rediyo?

Mai Shirin Tarihi:
Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Ina neman agaji kafin Alhamis, ranar za mu ɗauki shirin wannan mako. Muna bin tarihin al'ummomin da suka rayu da kiwo, yanzu mun iso kan Vettones, mutanen da suka zauna a yammacin tsakiyar Sifaniya kafin Rumawa su ci ƙasar, tsakanin kogin Duero da kogin Tajo, inda lardunan Abila da Salamanka suke a yau, har zuwa bakin iyakar Fotugal. Garuruwansu a kan tuddai suke, kewaye da ganuwar dutse, wannan bai ba ni wahala ba. Inda na maƙale shi ne abin da aka fi saninsu da shi. Sun sassaƙa dabbobi da dutse, bijimai da aladu, kowanne a tsaye kan gindinsa, daga dutse guda. An samu fiye da 400. Wani ƙarami ne, wani kuwa kamar na ƙauyen Villanueva del Campillo tsawonsa ya kai wajen mita biyu da rabi. Mutanen Sifaniya suna ce wa kowanne verraco, furucinsu kamar "berrako". Mai sauraro ba ya ganin hoto, kalmar da na furta ita ce hotonsa. Me zan ce?

Ɗan Fagge:
Gunki mana, Hajiya. Gumakan dabbobi. An gama.

Tafinta:
Ba a gama ba. Duk Bahaushen da ya ji gunki ya riga ya ga mutum durƙushe a gabansa. Wurin yankan hadayarsu an san shi, yana nan a Ulaca, ɗaya daga cikin garuruwansu, an sassaƙa shi cikin fa da matakala. Waɗannan dabbobin kuwa da yawansu a fili aka same su, nesa da gari. In kika ce gunki kin yanke hukuncin da masu haƙar kayan tarihi ba su yanke ba.

Ɗan Fagge:
To mutum-mutumi. 'Yan jarida haka suke cewa.

Bazazzagiya:
Mutum-mutumin bijimi? Kunne bai karɓa ba. Kalmar nan an yi mata lodi fiye da ƙima: na korar tsuntsu a gona ita, na dandalin gari ita, na'urar da ke aiki da kanta ma ita. Ni dai "bijimin dutse" nake gani, jam'i "bijiman dutse". Yaro ma ya gane.

Tafinta:
Aladun fa? Ba kaɗan ba ne a cikinsu. Ita kanta kalmar verraco ma'anarta namijin alade da ake ajiyewa don barbara.

Malam Na-Gwale:
Wa alaikumus salam. Na karanta duka. 'Yata, kada ki ari kalmar nan, kuma kada ki tsaya kan siffa. Hausa ba ta raɗa wa abu suna da kamanninsa kaɗai, da aikinsa take raɗawa. Muna da fasa-ƙwauri, muna da gagara-badau, aikatau ne da suna aka haɗa suka zama kalma guda. A kan wannan ƙa'ida nake ba ki tsare-garke. Namiji ne: tsare-garken Guisando (wani wuri a lardin Abila mai irin waɗannan bijimai), wannan tsare-garke. Jam'i ba ya canzawa, sai a ce tsare-garke huɗu. Ya ɗauki bijimi, ya ɗauki alade, ba ki furta sunan ko ɗaya ba. Ba kuma daga kaina na ƙago ma'anar ba. Juan Cabré, masanin kayan tarihi wanda ya fara haƙa kufan garinsu na Las Cogotas a 1927, ya samu waɗannan sassaƙe kusa da shingen da ya ɗauka garken dabbobi ne, ya ce an kafa su ne don kare dukiya da neman yalwarta. Ga aiki, ga suna.

Mai Shirin Tarihi:
Allah ya gafarta Malam, kalmar ta yi daɗin faɗa, na gwada ta da murya ta zauna. Abin da nake tsoro ɗaya ne: ra'ayin Cabré ba shi kaɗai ba ne a fagen.

Jikan Arɗo:
Shi nake son in faɗa, Malam, da neman afuwa. Wani masanin kayan tarihi, Jesús Álvarez-Sanchís, ya bi wuraren da aka samu manyan, ya ga da yawa ba a bakin garke suke ba, suna kusa da makiyaya mai kyau da mashaya, inda ake hango su daga nesa. Ya ce alama ce ta cewa wannan fili yana da masu shi. Mu da muka tashi a ruga wannan bayanin ya fi shiga mana. Garke ba dutse ke tsare shi ba, mutum ne da sanda da kare. Amma hurumi da burtali, su kam sai da alama, shi ya sa har yau ake kafa ginshiƙan siminti a gefen labi don kada gona ta ci shi. In za a bi aikin ne, "shaidar hurumi" ta fi tsare-garke kusa.

Malam Na-Gwale:
Wanda ya tsare makiyaya ai garke ya tsare. Ba ka rushe kalmata ba, ƙarfafa ta ka yi.

Tafinta:
To ga wanda zai rushe ta, Malam. Bayan Rumawa sun ci ƙasar an ci gaba da sassaƙa su, amma ƙanana, kuma a kan kabari. A Martiherrero kusa da Abila an same su a kan ma'ajiyar tokar mamata, don mutanen nan ƙona gawa suke yi. Ɗaya daga cikin bijiman Guisando ma yana ɗauke da rubutun Latin, wani Longinus ya sa aka rubuta don tunawa da mahaifinsa Priscus. Wane garke wannan yake tsarewa? Abu ɗaya ne ya yi ɗaruruwan shekaru, daga wajen ƙarni na 4 kafin Miladiyya har cikin mulkin Rumawa, aikinsa yana sauyawa. Sunan da aka ɗaure da aiki ɗaya zai yi ƙarya a kan sauran. Ni shawarata a ari kalmar a Hausance ta: berako, namiji, jam'i berakai. A bayyana sau ɗaya, a wuce.

Malam Na-Gwale:
Nan ne kullum muke faɗuwa. Da an ga baƙon abu sai a miƙa hannu a ara, kamar harshen marayu. Kai da kanka ka ce verraco alade ne, alhali da yawansu bijimai ne. Wato su ma masu kalmar ba daidai suka raɗa ba. Ba Vettones ne suka kira su haka ba, mutanen karkarar Sifaniya ne da suka zo bayansu da ƙarnuka suka ga dutse ya yi kama da alade. In manomin Abila yana da ikon raɗa suna da abin da ya gani, me ya hana malamin Kano? Kuskurensu ya zama ilimi, namu ƙoƙarin ya zama son rai?

Bazazzagiya:
Wannan maganar ta Malam tana da nauyi, gaskiya. Ban taɓa kallon ta haka ba.

Tafinta:
Tana da nauyi, amma ɗalibin da ya ji shirin ya ɗauki wayarsa ya rubuta tsare-garke a intanet, me zai gani? Babu komai. In ya rubuta verraco zai ga bijiman da idonsa. Kuma aro ba maraici ba ne. Littafi, alƙalami, makaranta da Malam yake koyarwa a ciki, teburin da yake rubutu a kai, nawa ne ba aro ba a cikinsu?

Malam Na-Gwale:
Makaranta daga karanta take, ƙirar Hausa ce. Ka bincika kafin ka kawo misali.

Tafinta:
Karanta kuma daga ina ta zo, Malam?

Basakkwace:
Ku dakata. Kullum in anka zo raɗin kalma sai a ce "malamin Kano", kamar mu sauran 'yan rakiya muke. Ƙa'idar rubutu anka ɗora bisa Kananci, ba a ce Kano ta gaji harshen ba. Tsohuwar Hausa tana wajenmu, kuma malamanmu sun rubuta waƙoƙi da ajami tun ba a san boko ba, ba su ji kunyar ɗauko kalmar Larabci ba inda ta dace. Ga timsali nan, siffar abu da anka sassaƙa, ba ta ɗauke da bauta kamar sanamu. Timsalin dabba. Mi ya hana?

Ɗan Fagge:
Abin da ya hana shi ne mai shayi da direba ba su san ta ba. Shirin rediyo ne, ba zauren karatu ba. Kuma in aro haramun ne daga Sifaniyanci, ta yaya ya halatta daga Larabci?

Basakkwace:
Larabci ba baƙo ba ne ga Hausa, kai ma ka sani.

Ba'are na Dogon Dutsi:
Mu na Nijar ko tambayarmu ba a yi, alhali rediyonku muna kama shi. Berako ba ta dame ni ba. Abin da zan roƙa shi ne sunan mutanen. Na ga wasu suna rubuta Betonawa. A wajenmu beton kankare ne, daga Faransanci. In kika ce Betonawa, mutumin Dosso zai zaci magina kike nufi.

Tafinta:
Wannan gyara ne mai amfani. Sunan ta hannun Girkawa da Rumawa ya iso mana, kuma Rumawa harafin nan kamar wa suke furta shi. Muna da misali a gida: Nuwamba. Sai a ce Wetonawa.

Bazazzagiya:
Wetonawa ta yi. Tilo fa? Bawetone, Bawetoniya?

Malam Na-Gwale:
Haka ƙa'ida ta ba da, kamar Bature da Baturiya. Wannan ban da ja a kai, sunan mutane ba a fassara shi. Amma a lura, duk wanda ya karɓi Bawetone ya yarda Hausa tana da injin ƙira. Injin da ya ƙera wannan shi ya ƙera tsare-garke.

Hajja Kulu ta Kumasi:
'Yata, ni tambayata daban ce. Dole ne sai kin ambaci alade a shirin? Akwai masu saurare da za su kashe rediyo. Kalmar Malam ko ba komai ta rufa wannan.

Mai Shirin Tarihi:
Hajja, na gode, amma a nan ba zan iya bin ki ba. Mutanen nan sun yi kiwon shanu da tumaki da awaki da aladu, sun kuma sassaƙa aladun da hannunsu. Ba Musulmi ba ne, sun shuɗe tun kafin zuwan Musulunci da ƙarnuka. In na ɓoye wannan na ba da tarihin wasu mutane da ba su taɓa rayuwa ba. Dama yawancin abin da aka rubuta a kansu baƙi ne suka rubuta. Marubucin Girka Strabo ya kawo labarin cewa da wasu Wetonawa suka fara shiga sansanin Rumawa, suka ga hafsoshi suna kai da komo suna shan iska, sai suka ɗauka taɓin hankali ne, suka kama nuna musu hanyar tantinsu, don a ganinsu namiji ko dai ya zauna ko ya yi yaƙi. An ba da labarin ne don a nuna su ƙauyawa ne. Alhali su ne mutanen da suka gina Ulaca, gari mai faɗin fiye da hekta 60, suka haɗa kai da maƙwabtansu suka tari rundunar kwamandan Rumawa Fulvius Nobilior kusa da Toledo a shekara ta 193 kafin Miladiyya, waɗanda daga baya rundunar mahayansu ta yi wa Rum aiki har Birtaniya. Duwatsun nan su ne maganar da suka bari da kansu, ba ta bakin kowa ba. Shi ya sa nake tsoron in sa musu sunan da zai faɗi abin da ba su faɗa ba, ko ya ɓoye abin da suka nuna.

Jikan Arɗo:
To ki haɗa biyu. Sunan aro don mai bincike, bayanin Hausa don mai saurare.

Bazazzagiya:
In bijimin dutse ya bar aladu a waje, a ce dabbar dutse, dabbobin dutse. Ba ta ce bauta ba, ba ta ce tsaro ba, ba ta ce kabari ba. Inda aka san bijimi ne, kamar huɗun nan na Guisando da aka ƙulla yarjejeniyar gadon sarautar Kastil a wurinsu a 1468, sai a ce bijiman dutse kai tsaye, su ma Sifaniyawa bijimai suke ce musu.

Malam Na-Gwale:
Dabbar dutse ai rema ce. Ita ke zaune a dutse.

Ɗan Fagge:
Malam ya kama ki nan.

Bazazzagiya:
Sau ɗaya za a ce "sassaƙaƙƙiyar dabbar dutse", daga nan babu mai tunanin rema.

Mai Shirin Tarihi:
Lokaci ya ƙure mini, ga abin da zan rubuta. A farkon ambato: "sassaƙaƙƙun dabbobin dutse, bijimai da aladu, waɗanda a Sifaniya ake kira berako." Daga nan dabbobin dutse, ko bijiman dutse inda ya dace. Idan na zo kan ra'ayin Cabré zan ce a ganinsa tsare-garke ne, a kan na Álvarez-Sanchís kuma in ce shaidar hurumi. Kowace kalma ta zauna a kan ra'ayin da ta dace da shi. Sunan mutanen Wetonawa. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Malam Na-Gwale:
An mayar da kalmata 'yar rakiya, an ba baƙuwa ɗaki. Ban gamsu ba, 'yata, amma shirinki ne, kuma kin fi waɗanda ba sa tambaya. A darasina tsare-garke zan ci gaba da cewa. Abu ɗaya nake roƙo: kada a ce berakai a iska. In dole ne, berakoki.

Tafinta:
Berakai, Malam. Kamar kwabo da kwabbai.

Basakkwace:
Mu dai ba mu ce ko ɗaya ba.

Mai Shirin Tarihi:
Zan kauce wa jam'in gaba ɗaya, tilo kawai zan furta. Saura duwatsu masu tsini da suke kakkafawa a gaban ganuwa don hana mahara afkowa da gudu, kamar na garinsu La Mesa de Miranda. Na rubuta "shuke-shuken duwatsu" amma bai kwanta mini ba. Wanda yake da wata kafin daren Laraba ya taimaka.