Jerin lambobi tsakanin Python da R: abin da muka tsinta

Matasanmu da ke koyon kwamfuta a wani shago kusa da Gumel sun zauna kan matsala guda: suna tattara farashin riɗi na mako-mako a Python, sai su kai shi R don lissafi (dukansu harsunan rubuta manhajar kwamfuta ne), amsa ta fito a karkace. Ga shawarwarin da aka fi yarda da su.

Fara da ƙirga. Python daga 0 take farawa, R daga 1. Idan x ne jerin farashin, ka rubuta x[1] a Python, mako na biyu ka ɗauko. Yanka ma haka: x[0:3] a Python abu uku ne, ba a haɗa da mai lamba 3, amma x[1:3] a R har da na ukun. Wanda ya fi cin mutane shi ne x[-1]. A Python na ƙarshe zai ba ka. A R kuwa na farko zai cire, ya bar maka sauran, kuma ba wani gargaɗi da zai fito. A ganina wannan ya kamata a rubuta a bango.

An daɗe kan tebur mai layi da ginshiƙi. NumPy, kayan aikin Python na lissafin jerin lambobi, layi-layi take jerawa, kamar harshen C. R ginshiƙi-ginshiƙi, kamar harshen Fortran. Saboda haka in za ka sake siffar jeri, sa order='F' a NumPy ko byrow=TRUE a R, don jerawar su biyun ta zo ɗaya.

Wani babba a cikinmu ya ce a gwada da lambobi shida kawai, a duba da ido, kafin a loda na shekara guda.