Tsohon Boxer ɗina yana hayaƙi, in kwance injin ko in bari?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani Boxer da yayana ya bar min da aiki ya kai shi Kaduna, mashin ɗin ya sha kabu-kabu shekaru kafin ya zama na gida, mitar ma ta daɗe da tsayawa don haka Allah kaɗai ya san nisan da ya yi. Yanzu da safe sai na yi kik kusan sau goma kafin ya tashi, in ya tashi kuma hayaƙi, ga shan mai kamar ana zuba shi a rairayi, ga sarƙa tana kas-kas. Wani bakanike ya ce sai an kwance inji gaba ɗaya, kuɗin da ya kira min sai da na zauna. Ina da sifanoni a gida kuma hannuna ba laifi. Don Allah me zan iya yi da kaina, me kuma ya zama dole in kai gareji?

Baban Gareji:
Wa alaikumus salam. Yaro, kafin kowa ya taɓa maka inji ka faɗa min kalar hayaƙin wanga. In baƙi ne, fetur ne ya yi yawa iska ta yi kaɗan, wannan matsalar kafireta ce ko soson iska, ba ruwan ringi, wato zobban da ke jikin fistin a cikin inji. In kuwa fari ne mai ɗan shuɗi-shuɗi da warin baƙin mai, to injin na cin baƙin mai. Nan ma kashi biyu ne: in da safe kawai yake yi sai ya ɗauke bayan ya yi zafi, galibi robar bawul ce ta bushe, in kuma kullum ne musamman in ka ja wuta, ringi ne.

Ka cire fulogi ka duba bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya lau. Baƙi busasshe kamar gindin tukunya, fetur. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai. Fulogi ba ya ƙarya, mu ne masu gyara muke yi wani lokaci.

Ɗan Mabera:
Allah ya ƙara girma Baba. Na cire yanzun nan, baƙi ƙirin ne amma a bushe, na shafa ya zo min a yatsa kamar toka. Hayaƙin ma da kuka faɗa na lura baƙi ne. Soson iska kuwa gaskiya tunda ya zo hannuna ban taɓa buɗe wurin ba.

Baban Gareji:
To ka gani. A garin ga da ƙurar hunturu ke shiga har cikin tukunyar miya, ka bar soso shekara ba wanki? Buɗe murfin gefe ka ciro shi, ka wanke da kananzir, ka matse a tafin hannu kar ka murɗa shi sai ya yage, ka bari ya bushe sannan ka ɗiga baƙin mai kaɗan ka matse ya ratsa. Man nan shi ke kama ƙurar. In ka taɓa ya fara marmashewa sayi sabo, ba shi da tsada.

Sai kafireta. Rufe mai, kwance kofin ƙasa, za ka ga laka da ruwa a ciki in dai kana shan man kwalba na bakin titi. Jet, wato 'yan ƙarafa masu ɗan rami da fetur ke bi, biyu ne, babba da ƙarami, ƙaramin shi ke toshewa ya hana mashin tashi da safe. Ka wanke da fetur ka hura, kar ka zura allura ko waya mai kauri, in ramin ya buɗe shan mai ya ƙaru kenan har abada. Ka duba cok ma, abin nan da ke rage iska don mashin ya tashi da sanyi, wasu yana maƙalewa a rufe suna ta yawo da shi ba su sani ba. Ka sa sabon fulogi, ka juye baƙin mai injin na da ɗumi, 20W-50, wajen lita ɗaya yake ci. Ka hau kwana uku ka zo mu yi magana.

Sarkin Hanyar Illela:
Ni dai da dukkan girmamawa ga Baba, mashin da yayi kabu-kabu a Sakkwato ko yau ko gobe sai an sa mishi ringi, ni nawa haka na yi ta lallaɓa shi wata shida daga baya fistin ya karce bulo sai da anka yi borin, wato anka faɗaɗa ramin bulon, kuɗin ya ninka. Amma abin da ya fi damuna a maganarka ɗan uwa sarƙar nan ce, don hayaƙi ba ya kada mutum, sarƙa kuwa in ta tsinke kana gudu ta naɗe a taya sai dai Allah ya kiyaye. Ka duba haƙoran siraket, faifan da sarƙa ke hawa, in sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙugiya canza su duka, na gaba da na baya da sarƙar lokaci guda, in ka sa sabuwar sarƙa kan tsohon siraket cinye ta zai yi. Kuma kar ka ɗaure ta tamau, ka bar mata wasa kamar faɗin yatsa biyu a tsakiya. Kilif ɗin haɗin sarƙa rufaffen bakin shi ke kallon inda sarƙar ke tafiya, mutane da yawa na juya shi.

Baban Gareji:
Maganar sarƙa gaskiya ka faɗa, na manta da ita. Ringi kuwa in ya zo lokacinsa fulogin zai nuna. Naka ai na tabbata baƙin mai kake barin shi har ya koma kamar kwalta, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, injin nan iska kaɗai ke sanyaya shi.

Ɗan Mabera, saitin bawul da taimin cen, wato ƙaramar sarƙar cikin inji, kar ka yi kai kaɗai karon farko, ka tsaya kan mai gyara ka kalla.

Ɗan Mabera:
Na buɗe wurin soson Baba, wallahi ƙasar da ke ciki ta isa a shuka gero. Bari in nemo kananzir, gobe bayan Azahar zan shiga kasuwa neman siraket.