Waɗanda suka taɓa zuwa Zanzibar, yaya kuka raba kwanakinku?

Baban Biyu, Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ke nan ina yi wa Hajiyarmu alkawarin zan kai ta ta ga teku da idonta. Ta sauke farali, amma ta ce a Jidda ta tagar mota kawai ta hango ruwan. Bana Allah Ya hore, mun tsayar da Zanzibar, tsibiran nan na ƙasar Tanzaniya. Mu huɗu ne: ni, uwargida, Hajiya mai shekara 68, da ɗanmu na fari mai shekara 11. Kwana shida gare mu. Wanda ke shirya mana tafiyar ya ce mu yi kwana biyar a otal na bakin ruwa a Nungwi, cikin gari kuwa wuni guda ya isa. Zuciyata ba ta kwanta da wannan rabo ba. Don Allah wanda ya taka ƙasar da ƙafarsa ya faɗa mana abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi.

Maman Ilham, Kano:
Wa alaikumus salam. Allah Ya saka maka da alheri da wannan niyya, Ya bar mana iyayenmu. Yaya, kada ka yarda da wuni guda a cikin gari. Kuskuren da muka yi ke nan, har yau yana ci mini rai. An kwaso mu daga otal da hantsi, aka zaga da mu tsohon garin, wanda su suke kira Mji Mkongwe, Turawa kuma Stone Town, kamar ana kora awaki, kafin la'asar an mayar da mu mota. A 'yan sa'o'in nan ne na ga abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar. Lungunan ƙunci gare su, mota ba ta shiga, sai babur da keke, kamar kana ratsa cikin birnin Kano ta wajen Kurmi. Kowane gida da dakalinsa a ƙofa, su baraza suke ce masa, dattawa na zaune suna shan gahawa a 'yan ƙananan kofuna. Ga ƙofofin katako da aka sassaƙa, wasu da ayoyi a samansu, wasu da manyan ƙusoshin tagulla masu tsini. Na so in tsaya in shafa ko ɗaya, ana ta kirana in yi sauri. Hajiya za ta fi sakewa a nan fiye da bakin ruwa, don mata da hijabinsu suke yawo, kuma kiran salla ba ya wuce ka duk inda kake.

Ɗan Damagaram:
Gaskiya ta faɗa. Ni kwana uku na yi a garin kuma ban ƙoshi ba. Abin da ya ba ni mamaki yarensu ne. Ban iya Swahili ba, amma a kasuwar Darajani da mai kaya ya ce ishirini na gane ashirin yake nufi, hamsini kuma ba sai an fassara mini ba. Alhamisi, Ijumaa, dunia, asubuhi, habari wato labari, duk daga Larabci muka ɗebo mu da su. Sai dai ka kula da lissafin lokacinsu, nan na sha wuya. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga, ƙarfe bakwai na safe shi ne "saa moja", wato ƙarfe ɗaya. Mai kwale-kwale ya ce mini mu haɗu saa tatu, na ɗauka ƙarfe uku na yamma, ashe tara na safe yake nufi. Na iso na tarar sun je sun dawo, kuɗin da na bayar kafin alƙalami kuma ya tafi. Duk wanda ya ba ka lokaci, ka sa ya nuna maka a agogon wayarka.

Amaryar Bara:
Ni dai zan ɗan kare bakin ruwa, kada a yi masa rashin adalci. Wanda bai taɓa ganin teku ba, ranar farko ba ya iya magana. Yashin fari fat kamar garin rogo, ruwan kuma kana hango ƙafarka a ƙasa. Amma gaɓar ba iri ɗaya ba ce. Mu a Jambiani muka sauka, gefen gabas. Da safe na buɗe taga na ga babu teku, wallahi ruwan ya janye ya yi nisa har sai ka yi tafiya mai tsawo kafin ka cim masa. Hankalina ya tashi, sai ma'aikaciyar wurin ta ce haka yake yi sau biyu kowace rana. A wannan lokacin ne matan ƙauyen ke shiga da zannuwansu na kanga, suna kula da gonakin ciyawar ruwa da suke kira mwani. Sun kafa turaku a cikin yashi, sun ɗaura igiyoyi, ciyawar na girma a jiki, su tsinka su shanya su sayar, wasu su yi sabulu da ita. Na zauna kusa da wata tsohuwa kusan awa guda, ba ma jin yaren juna, tana ɗaura tana nuna mini. Hannunta duk gishiri ya cinye. A Nungwi da ke arewa ruwan ba ya gudu haka, shi ya sa masu iyo suka fi son can, amma can ɗin ne kuma ya fi cika da Turawa da shigar da Hajiya ba za ta ji daɗin gani ba. A sayi takalmin roba na shiga ruwa, akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke kwance a ƙasa, ta soki maigidana a dunduniya ya kwana biyu yana ɗingishi.

Malamin Tarihi, Zariya:
Baban Biyu, tunda da yaro za ka, ina roƙonka abu ɗaya: ka kai shi Mkunazini, inda tsohuwar kasuwar bayi take. A 1873 Sarki Barghash ya rufe ta bisa matsin lambar Ingila, a shekarar ce kuma aka fara gina cocin Angilika a kan filin. A harabar akwai wani rami da aka tsayar da siffofin mutum biyar a ciki, sarƙa ta bi wuyansu. Na karantar da cinikin bayi shekara da shekaru a aji, amma da na tsaya a bakin ramin nan sai da na nemi wurin zama.

Arzikin garin daga nan ya fito. Bayan Omanawa sun kori Turawan Fotugal a ƙarshen ƙarni na 17, Sayyid Sa'id ya dawo da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar, ya sa aka cika Unguja da Pemba, manyan tsibiran Zanzibar biyu, da itatuwan kanumfari. Wa zai yi noman? Mutanen da aka kamo daga can cikin ƙasa, har daga yankin Kongo da tafkin Malawi, aka sa su ɗauko hauren giwa a ka zuwa gaɓa, sannan aka sayar da kayan da mai ɗaukar kayan. Gidan Tippu Tip, babban attajirin wannan fatauci da ya rasu a 1905, yana nan a unguwar Shangani. Ƙofofin nan masu kyau da Maman Ilham ta ambata, da yawansu da wannan kuɗi aka sassaƙa su.

Za a shigar da ku wasu ɗakuna biyu na ƙarƙashin ƙasa, masu duhu, a ce nan ake tara bayi kafin a fitar da su kasuwa. Masana tarihi sun yi saɓani a kan wannan, don ginin da ke samansu bayan rufe kasuwar aka yi shi. Amma cinikin kansa babu mai musunsa. Kuma kada mu tsaya can muna girgiza kai kamar abin na wasu ne. A kasuwar Kurmi ma an sayar da mutane, kuma sai a 1936 doka ta kammala haramta bauta a Arewacin Najeriya. Wannan na faɗa wa 'yata a wurin, ta yi shiru har muka fito.

Hajiyar Zango, Kumasi:
Malam, Allah Ya ƙara sani. Ni na je tsoffin gidajen tara bayi na Cape Coast da Elmina a nan Ghana tun ina budurwa, na ɗauka zuciyata ta saba, amma na Zanzibar ya fi yi mini ciwo saboda masu sayen da yawansu masu salla ne irina. Ɗana, ka bar Hajiya ta zaɓa da kanta ko za ta sauka ɗakunan nan, rufin gajere ne kuma iska ba ta shiga. Ni ban iya minti biyu ba.

Ka kai ta gonar kayan ƙamshi, nan za ta yi farin ciki. Shekara hamsin ina zuba kanumfari a kunu da yaji, ban taɓa sanin furen itace ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe a shanya ba. Yaron da ke zagawa da mu ya ɓare ɓawon wata bishiya ya miƙo mini, na shinshina, kirfa ce. Masoro kuma ashe yaɗo yake yi yana hawa itace kamar wake. Na cika jaka, har yau ina da saura.

Baban Biyu, Kaduna:
Na gode ƙwarai, Hajiya, Malam, duk ina rubutawa. To batun dabbobi fa? Yaron nan tun da ya ga hoton manyan kunkuru bai bar ni na huta ba.

Likitan Dabbobi, Jos:
Kunkurun suna tsibirin Changuu, wanda aka fi sani da tsibirin kurkuku, kamar rabin awa a ƙaramin jirgi daga gari. An gina kurkukun a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, wurin killace masu cutar shawara aka mayar da shi. Kunkurun kuma ba 'yan ƙasa ba ne, kyauta ce daga gwamnan Seychelles a 1919, guda huɗu, suka hayayyafa. Wasu an rubuta shekarunsu da shuɗin fenti a ƙoƙon bayansu, na ga waɗanda suka haura ɗari. Girmansu ya kai yaronka ya ɓuya a bayan ɗaya. Ka ja masa kunne kada ya hau, kada kuma ya kai yatsa kusa da bakin, ba su da haƙori amma muƙamuƙin kamar almakashi yake. Ku tafi da sassafe, kafin rana ta yi zafi jama'a su cika wurin. Jirgin ba shi da matakala ta kirki, ta cikin ruwa ake taka a hau, sai an riƙe Hajiya ta gefe biyu. Ku tabbata an ba kowa rigar kariya kafin a tashi.

Ni abin da ya kai ni shi ne dajin Jozani. Akwai jan biri a can da babu irinsa ko'ina a duniya sai Zanzibar, bayansa ja, gashin kansa fari a tsaye kamar furfurar tsoho, hannunsa yatsu huɗu babu babban yatsa. Mutanen wurin kima punju suke ce masa, wai biri mai dafi, don a da manoma sun tsane shi. Na ga wata uwa da jaririnta maƙale a ciki ta sauko ƙasa ta ɗauki guntun gawayi tana gurgura. Ganyen da suke ci yana da sinadarin da ke wahalar da ciki, gawayin ne maganinsu, kuma 'ya'yan daga iyaye suke koyo. Na daɗe ina aikin dabbobi ban ga abin da ya burge ni haka ba. Har tudun rage gudu aka yi a titin da ya ratsa dajin saboda su. Hanyar a shimfiɗe take, Hajiya za ta iya, haka ma gadar katako da ke bi ta cikin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne kallon dolfin, dabbar teku mai kama da babban kifi, a Kizimkazi. Jirage sun fi goma suna bin garke ɗaya da gudu, mutane na faɗawa ruwa a kansu. Na ce wa mai jirginmu ya kashe inji mu tsaya daga nesa. Da tsoho da yaro, ban ba ka shawarar wannan ba.

Malamin Tarihi, Zariya:
Likita, Kizimkazi tana da abin da ya fi dolfin. A Dimbani akwai wani ɗan masallaci da rubutun Kufi, wato tsohon salon rubutun Larabci, a jikin alƙiblarsa, mai ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. An sake gina yawancinsa a ƙarni na 18, amma rubutun na asali ne. Har yanzu ana salla a ciki. Na yi azahar a can tare da masunta huɗu, ƙafafunsu da yashi.

Maman Ilham, Kano:
Yaya, kafin in manta. Mu masu fasfo ɗin Najeriya ba a ba mu biza a filin jirgi, sai an nema ta intanet tun daga gida, kuma tamu ta ɗauki makonni, don haka kada ka biya otal kafin ta fito. Ku riƙe katin rigakafin shawara. Tun Oktoban 2024 kuma akwai inshorar dole ta dala 44 da baƙo ke biya. In ta Darussalam za ku bi, jirgin ruwan awa biyu ne, ranar da muka dawo igiyar ruwa ta yi ƙarfi, rabin mutanen ciki sai da suka yi amai. Don Hajiya gara ku sauka kai tsaye a jirgin sama, mu ta Addis Ababa muka bi. Ku kauce wa watan Afrilu da Mayu, damina ce mai ƙarfi. Da daddare ku je Forodhani, bakin ruwa gaban tsohuwar ganuwa, akwai tsire da suke kira mishkaki da ruwan rake da citta. Ka tambayi kuɗi kafin a zuba maka, kifin da aka jera kuma ka sa a gasa shi a gabanka ya gasu sosai.

Baban Biyu, Kaduna:
Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Hajiya duka bayan isha'i. Mun sauya tsari: kwana uku a cikin gari, da Mkunazini da gonar ƙamshi da kunkuru, sannan mu bi ta Jozani mu sauka Jambiani kwana biyu, na ƙarshe mu dawo kusa da filin jirgi. Ta ce ɗakunan ƙasa za ta shiga ko da minti ɗaya ne, kuma tana son ta yi salla a masallacin Dimbani. Malam, akwai wurin mata a ciki, ko sai mun nemi izinin limamin tukuna?