Kuɓewa da ruwan zartsi: ban-ruwan ɗigo zai fisshe ni?

Mai Lambu:
Assalamu alaikum. Lambu ne mai faɗin mita 20 da tsawon 25 a yankin Gashuwa, ƙasar jigawa ce mai ɗan laka. Ruwan rijiyar zartsi ne, na'ura ta nuna EC 2.5 dS/m (EC shi ne awon yawan gishirin da ke cikin ruwa). Ina son sa kuɓewar rani da tiyon ɗigo mai ƙofa duk santimita 30, kowace ƙofa lita 2 a awa. Zai yiwu? In zai yiwu, ruwa nawa zan riƙa ba ta?

Injiniyan Ruwa:
Wa alaikumus salam Malam. Zai yiwu, amma kada ka sa ran amfanin da mai ruwan daɗi zai samu. A ma'aunin FAO (Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya), ruwan da EC ɗinsa bai kai 0.7 ba lafiya lau ne, daga 0.7 zuwa 3 sai da lura, sama da 3 matsala ce babba. Naka yana dab da bakin iyaka, kuɓewa kuma ba ta cikin masu jure gishiri.

Amfanin ɗigo shi ne yana jiƙa wuri guda kullum, sai ya tura gishirin gefe, ya bar tsakiya inda saiwa take da sauƙi. Wannan farin zoben da za ka gani kewaye da inda ya jiƙe, shi ne gishirin. Don haka iri ya zauna santimita 5 zuwa 10 daga ƙofar ɗigo. Wanda ya faɗa tsakanin ƙofa biyu ko kan tsinin kunya, a cikin gishiri aka binne shi.

Ga lissafi. Idan tazarar layi santimita 75 ce, a tsananin bazara ka ƙaddara lita 6 duk murabba'in mita a rana, wato lita 3,000 ga lambun. Ƙara kashi 20 cikin 100 don wanke gishiri ya gangara ƙasan saiwa, ya zama 3,600. Da tiyonka minti 50 ke nan a rana. Raba shi biyu, safe da yamma, kuma kada ka tsallake rana, domin da ƙasa ta bushe gishirin zai biyo danshi ya dawo gindin shuka. Shuka tana ƙarama rabin wannan ya isa.

Abin da ba a cika lissafawa ba: ruwa mai 2.5 yana ɗauke da kusan giram 1.6 na gishiri a kowace lita. Kusan kilo 6 ke nan kake zuba wa lambun kullum. Idan ƙasa ba ta tsotse ruwa ya wuce, babu dabarar da za ta cece ka. Haƙa rami mai zurfin santimita 60, cika shi da ruwa, ka dawo washegari. Ka tarar da ruwa kwance, sauya wuri.

Hajiya Mai Rani:
Lokacin tsiro ne ya fi haɗari. Jiƙa irin a ruwan daɗi ya kwana, sannan kafin shuka ka kunna tiyon awa biyu ko uku ya kore gishirin da ke layin. In da hali, sati biyun farko ka gauraya rabi da rabi da ruwan daɗi a tanki, zai sauko wajen 1.4. Ka kuma bari sanyin hunturu ya wuce, kuɓewa ba ta son tsira a ƙasa mai sanyi, ga kuma gishiri.

Rufe layin da buntun shinkafa ko karan gero don rana ta daina janyo gishiri sama. Taki kuma kaɗan-kaɗan, shi ma gishiri ne. Ka guji takin fotash mai kuloraid da ɗanyen kashin kaji. Sai batun yayyafi: idan ruwan farko ya sauko kaɗan, kunna ɗigon a lokacin. Mutane na ganin wauta ce, amma yayyafi narkar da zoben nan yake ya tura shi cikin saiwa, kwana biyu ka ga bakin ganye ya ƙone.

Ɗan Fadama:
Ya zuba jifsum kawai, farin garin nan mai kalsiyam da ake gyara ƙasa da shi, an gama.

Injiniyan Ruwa:
A'a ɗan'uwa, jifsum ba ya cire gishiri, ƙara EC ma yake yi. Aikinsa sai inda sodiyam ya yi yawa, kamar ruwa mai kanwa, inda ƙasa ke yin santsi in ta jiƙe, ta yi ɓawo mai tauri in ta bushe, ruwa ya ƙi shiga. Nan kalsiyam ɗinsa yake buɗe ƙasar, amma duk da haka ruwa ne zai wanke. Na'urar EC ba ta bambance wannan, sai an kai ruwan ɗakin gwaji an auna sodiyam da bikabonet.

Malam, ka lura da toshewa. Sa matatar ruwa mai lamba 120 (lambar ƙanƙantar ramukan ragarta) bayan tanki, ka wanke ta kullum, ka buɗe ƙarshen kowane tiyo duk sati ruwa ya fita minti biyu. Ka ga farin abu a bakin ƙofa, ɗiga masa ruwan lemun tsami: ya yi kumfa, farar ƙasa ce, asid zai narkar da ita, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. In ja ne, ƙarfe ne, sai a bar ruwan ya sha iska ya kwana a tanki kafin a sake shi. Duk sati ka tara ruwan ƙofar farko da ta ƙarshe a kofi na minti biyar. Bambanci ya wuce kashi 10 cikin 100, wutsiyar layin tana shan gishiri fiye da kansa.

Mai Lambu:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe in sha Allahu zan haƙa ramin, in kuma aika da ruwan a auna.